Tambaya da Amsa: Wa ya gwada wannan inji kafin ya iso Sakkwato?

Yawancin wasiƙun wannan wata daga Sakkwato da kewayenta suka zo, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, wato dalilin da ya sa wani ƙarfe yake shekaru yana aiki a cikin inji, wani kuma ya karye tun ba a gama biyan kuɗinsa ba. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na kuma taƙaita gaishe-gaishen domin fili ya ishe mu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni direba ne, shekarata 11 ina jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela. Na sha jin ana cewa kamfani ya tabbatar injin mota kaza zai yi kilomita 200,000 kafin a buɗe shi. To, motar da aka ƙera bana, wa ya tuƙa ta har ta kai wannan nisa? Ko dai daɗin bakin 'yan talla ne?
Daga wani direba, Gidan Dare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Kamfanoni suna da direbobin gwaji da ke yawo da sababbin motoci a kan hanya, amma mafi yawan wannan nisa ba a kan titi ake cin sa ba. A cikin ɗaki ake cin sa, injin yana ɗaure a kan dakalin ƙarfe, babu taya, babu sitiyari, kwamfuta ce take taka totur dare da rana.

Kafin in kai ka cikin ɗakin, bari mu yi lissafin abin da ake nema. Idan motarka ta yi kilomita 200,000 a matsakaicin gudun kilomita 50 a awa, injinta ya yi aikin awa 4,000 ke nan. Idan a wannan lokaci yana juyi 2,000 a minti, karanshaf, wato sandar da fistan suke juyawa, ya juya sau miliyan 480, kuma tunda a injin mota sai an yi juyi biyu wuta take tashi sau ɗaya a kowane silinda, kowane fistan ya sha bugun wuta sau miliyan 240. Babu bugu ɗaya a cikin waɗannan da ya isa ya karya kwanrod, wato ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf, ko karanshaf ɗin kansa. Maimaituwarsu ce abin tsoro. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba za ta karye ba, amma ka yi ta lanƙwasawa kana miƙarwa, za ta tsinke a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Wannan shi ne gajiyar ƙarfe, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe ta da ya ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Jirgin ƙasa yana cikin abubuwan da suka fara koya wa Turawa wannan darasi. A 1842 ƙarfen da ke haɗa ƙafafun kan wani jirgi ya karye a hanyar Barsai zuwa Faris a ƙasar Faransa, mutane da dama suka halaka, alhali ƙarfen ya daɗe yana ɗaukar irin wannan nauyi lafiya. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya ƙera na'urorin da ke juya sandar ƙarfe da nauyi rataye a jikinta, suna ƙirga juyin har ta karye, aka nuna aikinsa a baje kolin Faris na 1867. Abin da ya gano shi ne har yau ginshiƙin wannan fanni: gwargwadon rage nauyi, gwargwadon ƙaruwar juyin da ƙarfe zai jure, kuma baƙin ƙarfe yana da wani mataki wanda idan nauyin bai kai shi ba, sandar za ta wuce juyi miliyan 10 ta ci gaba kamar ba a taɓa ta ba. Alminiyam ba shi da wannan tabbataccen mataki, shi ya sa ake ƙayyade masa iyakar rayuwa tun a takarda.

Saboda haka kamfani ba ya jiran a harhaɗa inji kafin ya fara gwaji. Kowane ɓangare yana da na'urarsa. Kwanrod ana damƙe shi a na'ura mai aiki da ƙarfin mai, tana ja tana dannawa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Karanshaf ana yanko gaɓa ɗaya daga jikinsa, a ɗaura mata manyan farantan ƙarfe biyu, a sa su kaɗawa har gaɓar ta riƙa lanƙwasuwa da irin nauyin da wuta take ɗora mata, ko fiye. Idan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, juyi miliyan 10 zai cika cikin awa 56, wato ƙasa da kwana uku. Abin da ya fi burge ni a wannan na'ura shi ne yadda take gane tsaga tun ido bai gan ta ba, domin da zarar tsaga ta fara, ƙarfen ya rage tauri, saurin kaɗawarsa ya ɗan sauka, kamar yadda muryar tukunya take canzawa idan ta tsage aka ƙwanƙwasa ta, sai kwamfuta ta tsayar da aiki ta rubuta adadin da aka kai. Bawul da sifirin ɗinsa kuwa ana juya su da motar lantarki ba tare da an kunna wuta ba, ana haska bawul ɗin da hasken leza domin a ga ko yana bin kamshaf, wato sandar da ke buɗe shi, sau da ƙafa ko ya fara tsalle idan gudu ya yi yawa.

Bayan kowane ɓangare ya ci jarrabawarsa sai a haɗa injin gaba ɗaya a kai shi ɗakin gwaji, a haɗa bayansa da na'urar da ake kira dainamomita. Aikinta shi ne ta zama hanya da kaya da hawan tudu, wato ta riƙe injin da nauyin da aka ga dama, tana kuma auna ƙarfin da yake bayarwa. Tsohuwar irinta, wadda William Froude ya ƙirƙiro a Ingila a 1877, da ruwa take riƙe injin. Na zamani da yawa injinan lantarki ne masu iya riƙewa su kuma iya turawa, don haka suna kwaikwayon gangara kamar yadda suke kwaikwayon hawa. Kamfanoni irin su AVL da ke Giraz a Ostiriya da Horiba ta Japan sun yi suna a ƙera waɗannan ɗakuna.

Jadawalin da ake rubuta wa kwamfuta ba irin tuƙinka ba ne, Malam. Kai yawancin tafiyarka injin ba ya ba da ko rabin ƙarfinsa, kuma irin waɗannan awoyi ba sa cinye ƙarfe sosai. Su sai su zubar da awoyin sauƙi, su tara na wahala kaɗai: cikakken totur a gudun da injin ya fi ƙarfi, sannan gudun ƙarshe, sannan a sake shi ya yi silo na ɗan lokaci, a koma farko, haka har ɗaruruwan awoyi, wani gwajin ma ya kai awa 1,000, wato kusan kwana 42 ba dare ba rana. Ɗan adam ba zai iya riƙe totur daidai wa daida na tsawon wannan lokaci ba, zai gaji, zai yi gyangyaɗi, kuma na safe da na dare ba za su taka iri ɗaya ba. A jikin injin akwai sensa masu yawa da ke auna zafin ruwa da na baƙin mai da na hayaƙi, da ƙarfin bugun mai, da yawan iskar da ke sulalewa ta gefen ringi, da kuma girgiza. Idan ɗaya ta ƙetare iyakar da aka sa mata, kwamfuta za ta kashe injin nan take. Ba tausayin injin ake yi ba. Dalilin shi ne idan aka bar kwanrod ya fasa bulok, komai ya dagargaje, babu mai iya sanin abin da ya fara lalacewa, amma idan aka tsaya a alamar farko za a iske mai laifin shi kaɗai. A ƙarshe ana warware injin ƙusa-ƙusa, a auna kowane ɓangare a gwada da awonsa na ranar farko.

Ke nan ba daɗin baki ba ne zalla. Sai dai ka riƙe cewa alƙawarin yana da sharaɗi, domin injin da aka gwada bai taɓa shan gurɓataccen mai ba, ba a taɓa barin juyensa ya wuce lokaci ba, kuma ba a cire masa komai ba.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni bakanike ne, kuma tun ina yaron gareji maigidana ya koya mini cewa mota in ta zo daga Turai a cire mata tamostat, don an yi shi ne saboda ƙasar sanyi. Amma ina lura gaskit yana yawan ƙonewa ko da an cire. Me gwajin kamfani yake cewa?
Daga wani bakanike, Mabera.

Amsa: Barka kadai, Malam. Allah ya saka wa maigidanka da alheri, amma a wannan mas'ala na saɓa da shi, kuma gwajin da ya fi kusa da tambayarka shi ne wanda ake yi wa gaskit da tof silinda, wato kan inji, da gangan domin a wahalar da su.

A yawancin motocin yau tof silinda na alminiyam ne, bulok ɗin wasu kuma na ƙarfen zubi, ƙusoshin da suka ɗaure su na baƙin ƙarfe. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce, saman yana ɗan gogawa a kan ƙasan, gaskit kuma yana tsakiya yana shan wannan guga. Domin a gwada haka, ana ajiye tankuna biyu a ɗakin gwaji, ɗaya da ruwa mai tsananin zafi, ɗaya da ruwa mai sanyi, wani lokaci mai sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Ana barin injin a cikakken totur har ruwansa ya wuce maki 100 a ma'aunin Salshiyos, sai kwamfuta ta sassauta totur ta juya famfo, ruwan sanyi ya kwararo cikinsa, bayan 'yan mintoci a koma zafi. Ana maimaita haka ɗaruruwa ko dubban lokuta, sannan a duba ko gaskit ya fara yoyo, ko tsaga ta bayyana a siririn naman da ke tsakanin mazaunin bawul biyu, domin nan ta fi son farawa.

Darasin da ke ciki shi ne inji ya fi jure zafi tsayayye a kan zafi mai hawa da sauka, kuma aikin tamostat ke nan, ya riƙe ruwan a wajen maki 80 zuwa 90. Idan zafi ya kai, buɗewa yake yi gaba ɗaya, don haka lafiyayyen tamostat ba ya hana mota sanyaya ko a watan Afrilu. Idan ka cire shi, da asubar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, ringi ya ci. A wasu injinan ma tamostat ne yake toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ba tare da ya shiga lagireto ba, in babu shi wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa ta nan, motar ta fi zafi fiye da da.

Abin da ke ƙona gaskit a garejinmu sau da yawa yana wani wuri. Murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsin da ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen maki 120, wanda ya mutu kuwa yana barin ruwa ya tafasa a 100. Ruwan rijiya da na burtsatse yana barin farin dutse a cikin siraran bututun lagireto, kuma ƙasar da ake haƙar farar ƙasa ta siminti a Kalambaina ba za a yi mamakin hakan a cikinta ba. Mafi muni shi ne abin da na sha gani a bakin hanya, mota ta tafasa, a buɗe ta a ɗura mata ruwan randa nan take. Wannan shi ne gwajin tankuna biyu, sai dai an yi shi a kan injin da ya riga ya wuce iyakarsa. A bar ta ta huce tukuna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ƙurar hunturu da zafin bazara irin namu, anya Bature ya san da su lokacin da yake gwajinsa? Ina da babura uku na kabu-kabu da injin ban ruwa a fadama, duk ba sa shekara biyu ba a sa musu ringi ba.
Daga wani manomi, Goronyo.

Amsa: Alhaji, ya san da su, har ma sayar da ƙurar ake yi a gwangwani. Akwai ƙurar gwaji da aka fi sani da ƙurar Arizona, wadda aka samo sunanta daga hamadar jihar Arizona ta Amurka, kuma ƙa'idar duniya mai lamba ISO 12103 ta ƙayyade girman ƙwayoyinta, akwai mai laushi, akwai mai tsakuwa-tsakuwa. Wata ƙa'idar, ISO 5011, ta bayyana yadda ake gwada matatar iska, wadda kanikawa ke kira iyakilina. Na'ura ce take zuba ƙurar da awo cikin iskar da ake zuƙa, ana auna nauyin da ya ratsa da kuma lokacin da matatar ta toshe. Matatar takarda mai kyau tana tare fiye da kashi 99 cikin 100.

Dalilin wannan ɗawainiya zai fito idan ka san yawan iskar da inji yake sha. Kowane kilo na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, wato lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska lita 9,000 zuwa 10,000. Ka kwatanta wannan da ranar da hazo ya rufe gari har ba a hangen ƙetaren titi. Yashin da ke cikin ƙura ya fi ƙarfen ringi da silinda tauri, idan ya shiga ya gauraya da mai sai ya zama tamkar garin da ake wasa bawul da shi. A ɗakin gwaji ana ɗibar baƙin mai lokaci-lokaci a auna abin da ke cikinsa: yawan sinadarin silikon yana nuna ƙura ta samu ƙofa, baƙin ƙarfe yana nuna ringi ko silinda na ci, tagulla da dalma kuma suna nuna metal ne, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kanta.

Zafi ma an tanade shi. Gwajin baƙin mai da ake kira Sequence IIIH, wanda yana cikin sharuɗɗan samun tambarin ingancin baƙin mai na API SP da ya fito a 2020, ana yin sa ne da inji mai silinda 6, a riƙe man a wajen maki 150 har awa 90, sannan a duba kaurinsa da dattin da ya bari a jikin fistan. Ƙa'idar da masana mai suke aiki da ita ita ce duk ƙarin maki 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Injin babur da na ban ruwa iska ce take sanyaya su, man cikinsu kaɗan ne, kuma a bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake wuce maki 40, injin ban ruwa yana tsaye wuri ɗaya yini guda.

Abin da ba a gwada ba shi ne babur mai tafiya da yagaggen soso, ko robar da ke tsakanin matata da kafireto ta tsage an naɗe ta da leda, ko man da aka auno a kwalbar da ba a san asalinta ba. Ka sa yaranka su riƙa wanke soson suna shafa masa ɗan mai, ka ɗaga injin ban ruwa daga ƙasa ka yi masa rumfa, ka kuma riƙa yin juye da lissafin awoyin aiki, ba da lissafin watanni ba.

Tambaya: Injiniya, ina sayar da kayan gyaran mota. Boris biyu daga kwali ɗaya, ɗaya ya yi shekara uku, ɗaya ya dawo mini cikin wata huɗu, mai shi yana cewa na sayar masa da jabu. Kuma wanne ya fi, sabo ko Beljiyam?
Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Wada.

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa babu jabu a cikinsu. Ko a ɗakin gwaji, boris goma daga tukunya ɗaya, a kan nauyi ɗaya, ba sa mutuwa rana ɗaya, wani yana ninka wani sau da yawa, saboda tsaga tana farawa ne daga ɗan ƙaramin datti da ke cikin ƙarfen, kuma dattin ba a raba shi daidai ba. Shi ya sa masu ƙera boris, tun daga aikin Arvid Palmgren na kamfanin SKF a Suwidin, suke faɗin rayuwar da kashi 90 cikin 100 za su kai, wadda ake rubutawa L10. Ma'anarta ɗaya cikin goma yana iya faɗuwa kafin nan ba tare da an yi ha'inci ba. Lissafin da ake bi wajen fassara irin wannan warwatsuwa yana ɗauke da sunan wani ɗan Suwidin ɗin, Waloddi Weibull. Kuma domin kamfani ya iya cewa, da tabbacin kashi 90, kashi 90 na kayansa za su kai wa'adi, sai ya gwada guda 22 babu ko ɗaya da ya faɗi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gwajin ya koma hannun na'ura, domin babu mai zaman gadin boris 22 na makonni.

Amma kafin ka jingina abin ga ƙaddara, ka tambayi wanda ya ɗaura. Rayuwar boris mai ƙwallo tana raguwa da nauyi ninki uku a jere, wato in aka ninka nauyin da ke kansa, rayuwarsa ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Fanbel da aka ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka ya isa ya kashe boris na famfon ruwa ko na altaneta cikin watanni, haka ma wanda aka buga da guduma wajen sawa.

Jabu kuwa yana nan, kuma illarsa ita ce ya kwaikwayi siffa da kwali bai kwaikwayi abin da ido ba ya gani ba, wato tsabtar ƙarfen da yadda aka gasa shi. Sakamakon gwajin kamfani na kayan kamfani ne, ba ya bin kwali. Game da Beljiyam, ƙarfensa na asali ne, amma gajiya ba ta warkewa da hutu. Ƙa'idar da M. A. Miner ya wallafa a 1945 tana ɗaukar kowane juyi a matsayin ɗan kason da aka ci daga rayuwar ƙarfe, ana tarawa har ya cika. Bulok ko murfin inji na Beljiyam ba laifi, amma tayimin bel, boris, sifirin ɗin bawul da ƙusoshin tof silinda irin waɗanda ake ɗaurewa har su miƙe, ni sababbi nake ba da shawara.

Bari in ƙara da wani abu da ya shafi masu kai karanshaf wanki. A kusurwar da mazaunin metal ya haɗu da kafaɗar karanshaf akwai ɗan lanƙwasa da kamfani ya murza ko ya gasa da gangan, domin gwaji ya nuna nan tsaga take farawa. Idan mai wanki ya rage milimita 0.25 amma dutsensa ya mai da wannan kusurwa mai kaifi, awo zai yi daidai, metal zai zauna, karanshaf ɗin kuma zai karye a nan. Ka dubi karayar: za ka ga wani sashe sumul da layi-layi kamar sawun ruwa a yashin gulbin Rima, wannan tsagar ce da ta daɗe tana tafiya, da wani sashe mai gautsi, wanda shi ne ya ɓalle a daƙiƙar ƙarshe.

Tambaya: Baba Injiniya, ni ɗaliba ce a sashen injiniyan ƙere-ƙere, shekarar ƙarshe. Za a iya haɗa irin wannan na'ura a nan domin aikin kammala karatu?
Daga wata ɗaliba, Arkilla.

Amsa: Ɗiyata, ɗakin dainamomita ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, irinsa aikin hukuma ne, kuma hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta kafa cibiyoyin gwaji a Zariya da Inugu da Legas. Amma na'urar Wöhler tana cikin ikonki, kuma duk wani mai injin fiƙe ƙarfe a gari zai iya taimaka miki.

Kina buƙatar motar lantarki mai juyi kusan 2,900 a minti, da sanda a kan boris biyu mai bakin damƙa irin na injin huda, da boris na uku a ƙarshen samfurin inda za a rataya nauyi. Duk juyi ɗaya, kowane gefe na samfurin ya sha ja ya sha dannawa sau ɗaya, kuma miliyan 10 za ta cika cikin awa 58. Abin da zai mai da ita mai sarrafa kanta abu biyu ne masu araha: ɗan maganaɗisu a jikin sandar da sensa mai ƙirga wucewarsa, haɗe da ƙaramin allo irin Arduino, da kuma makunni a ƙarƙashin nauyin, wanda zai yanke wuta idan samfurin ya karye nauyin ya faɗo. Tunda kin san halin wutarmu, ki sa allon ya riƙa adana adadin a ma'ajiyar da ba ta gogewa, in ba haka ba ɗaukewar wuta ɗaya za ta share miki aikin kwana biyu. Ki kuma rufe wurin juyin da ragar ƙarfe, kada a kusance shi da mayafi ko hannun riga mai faɗi.

Abin gwadawa kuwa yana kasuwa. Ki samo ƙusoshin kwanrod ko na tof silinda na asali da na araha, a fiƙe su zuwa kauri ɗaya, a goge su sumul, domin sawun fiƙa kaɗai yana rage rayuwar samfur. Ki fara da nauyin da ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsinkewar ƙarfen, ki riƙa saukowa, kina sa ran matakin da ba ya karyewa zai faɗo kusa da rabi. A kowane mataki kada ki gwada ƙasa da guda uku, saboda dalilin da na faɗa wa Alhaji mai kayan gyara. Kowane guntu da ya karye ki sa shi a ledarsa, ki rubuta nauyin da adadin juyin a jiki, kuma kada ki haɗa bakin karayar biyu don ki ga ko sun dace, domin gugar za ta shafe layukan da malamanki za su so gani a madubin ƙara girma.